Ƙwaya a Kusa, Magani a Nesa: Kula da Masu Shaye-shaye a Karkarar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Shaye-shayen miyagun ƙwayoyi cuta ce da ake yi wa magani a kuma samu sauƙi, sai dai samun maganin a Najeriya ya danganta da inda mutum yake zaune da kuma ƙarfin aljihun iyayensa. A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke kudancin Jihar Katsina, wannan bambanci a fili yake. Ƙwaya tana isa kowace kasuwar ƙauye a bayan babur, likitan da ya ƙware a kan cutar kuwa sai an yi doguwar tafiya zuwa birni kafin a gan shi. Adalci a kiwon lafiya shi ne kada nisan gari, ko talauci, ko kasancewar mutum mace, ko ƙabilarsa, su zama dalilin da wani zai warke wani ya lalace. Hanyar da masana kiwon lafiyar al'umma suka fi amincewa da ita wajen cike irin wannan giɓi ita ce a sauko da kulawar zuwa asibitin mazaɓa, sannan a haɗa aikin da mutanen da karkara ta riga ta yarda da su, wato sarakuna da malamai da masu kemis da ungozomomi da direbobi.

Ƙasar da halin da take ciki

Ƙananan hukumomin nan uku suna shiyyar Funtuwa ne, yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar, inda ake noma masara da dawa da waken suya da shinkafa da auduga. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Jihar Zamfara, Sabuwa kuma tana jingine da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. A ƙidayar 2006 yawan mutanensu a haɗe ya haura rabin miliyan, kuma mafi yawansu a ƙauyuka da rugage suke.

Dazuzzukan da ke kan waɗannan iyakoki su ne suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020 shi ne abin da duniya ta fi ji, amma hare-haren ƙauyuka da satar shanu da garkuwa da mutane sun girme shi, sun kuma ci gaba a bayansa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Asibitocin ƙauye da dama sun zauna a rufe, ma'aikata sun nemi canjin wurin aiki, dubban iyalai sun yi gudun hijira zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ko Funtuwa. Rashin tsaro yana ƙara wutar shaye-shaye ta fuska biyu. Yana ƙara yawan masu firgici da baƙin ciki da zaman banza, waɗanda su ne suka fi saurin faɗawa ƙwaya, yana kuma korar ma'aikatan da za su kula da su. Su kansu 'yan bindigar manyan masu sayen ƙwaya ne, shi ya sa hanyar da take bi zuwa daji ita ce take ratsa ƙauyuka.

Girman matsalar

Babban binciken da ake dogaro da shi a ƙasar nan shi ne na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Tabar wiwi ce a gaba da mutum miliyan 10.6, sai ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramol da miliyan 4.6, sai maganin tari mai sa maye da miliyan 2.4. A shiyyar Arewa maso Yamma, kashi 12 cikin 100 na mutanen wannan rukunin shekaru ne abin ya shafa, kimanin mutum miliyan 3. Ɗaya daga cikin kowane mutum biyar masu sha ya kai matsayin da yake buƙatar magani.

Abin da ake sha a karkarar kudancin Katsina bai bambanta da na sauran ƙasar Hausa ba. Akwai wiwi, da tiramol, da ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam da roci, da Exol, da sholisho, da madarar sukudaye, da haɗe-haɗen gargajiya da ake zuba wa zaƙami. Kodin ya yi tashe har zuwa watan Mayu na 2018, lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi, kwana guda bayan wani rahoton bincike na BBC. Haramcin ya sa kwalbar ta yi tsada, amma bai kashe ƙishirwar ba, masu sha da yawa suka koma wasu ƙwayoyin. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai nauyin miligiram 50 ne da 100, wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa yakan kai 200 ko 225 ko 250. A 'yan shekarun nan an samu wani haɗin na tafentadol da karisoforodol da ake sayarwa da sunaye irin su Tafrodol, wanda ƙasar Indiya ta hana sarrafawa a 2025.

Yadda ƙwaya take kama mutum

A karkara shaye-shaye ba kasafai yake farawa da neman nishaɗi ba. Yakan fara ne da aiki. Ɗan ƙwadagon da aka yi jinga da shi ya gama huɗar gona kafin faɗuwar rana, abokin aikinsa zai ɓalla masa rabin ƙwaya ya kora da shayi, sai ya ji gajiya ta tafi, ƙugu ya saki, ya yi aikin mutum biyu. Kafin damina ta raba, rabi ba ya yi masa komai, sai guda. Lokacin girbi ya koma biyu ko uku. Da rani ya shigo aiki ya ƙare, sai ya tarar idan bai sha ba jikinsa ba ya tashi: gaɓoɓi suna ciwo, zufa tana karyo masa, ga hamma da majina da gudawa da rashin barci da ƙuncin zuciya. Daga nan ya daina sha don ya yi aiki, ya koma sha don ya tsira daga wannan azaba. Haka abin yake ga ɗan acaɓa da direban dare da mai haƙar ma'adinai da ɗan sintirin da ke kwana a bakin gari.

Bayanin wannan yana cikin ƙwaƙwalwa. Tiramol da kodin dangin ofiyom ne, suna maƙalewa a wasu mashigai na jijiyoyi da ke rage jin zafi, suna kuma sa a saki sinadarin dofamin mai sa jin daɗi, wanda shi ne ƙwaƙwalwa take amfani da shi wajen koya wa mutum maimaita abin da ya amfane shi, kamar ci da sha. Idan ƙwaya ta riƙa zuwa kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rage nata aikin don ta daidaita, shi ya sa adadin jiya ba ya isa yau. Sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da riƙe zuciya shi ma yana raunana, kuma wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya fara yana yaro ya fi wuyar rabuwa da ita.

Haɗarin gaggawa iri biyu ne. Tiramol idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, abin da sau da yawa ake ɗauka bugun iska ne, likitoci kuwa ba sa wuce miligiram 400 a yini ko ga majinyacin da ke tsananin ciwo. Na biyu shi ne danne numfashi, musamman idan an haɗa shi da ƙwayar barci ko giya. Alamarsa ita ce mutum ya ƙi farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke. Akwai allurar da ke karya wannan cikin mintuna, sunanta naloksan, kuma tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a wadata ta ga duk wanda ake jin zai iya tarar da mai irin wannan hali. Ƙwayoyin barci kuma suna da nasu sharrin: wanda ya daɗe yana sha idan aka yanke masa lokaci guda zai iya jijjiga har ya rasa ransa, don haka a hankali ake janye su a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya.

Komawa ruwa bayan an daina ɓangare ne na cutar. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ke sakin maganinsu. Ma'anar wannan ita ce cutar tana buƙatar bibiya ta watanni ko shekaru, kuma bibiya ba ta yiwuwa daga nesa.

Inda ake kai mai shaye-shaye a yau

Iyalin da ɗansu ya kamu sukan fara da faɗa da duka, sai rubutu da ruƙiyya, sai a kai ƙara wurin mai unguwa ko 'yan sintiri. Idan abin ya gagara sai gidan mari, inda ake ɗaure mutum da sarƙa har sai an ga ya yi laushi. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da birnin Katsina, makonni kaɗan bayan na Rigasa a Kaduna, aka fito da mutane da tabon duka da na mari a ƙafafunsu. Iyaye ba mugunta ce take kai su can ba. Gidan mari yana kusa, ana biyansa da kaɗan-kaɗan ko da hatsi, kuma yana ɗauke da sunan addini, abubuwa uku da asibiti bai ba su ba.

Asibitocin ƙwararru suna nesa. Daga Ƙanƙara zuwa birnin Katsina ya haura kilomita 100, daga Sabuwa kuwa ya haura 200, har ma ya fi wa mutumin Sabuwa sauƙi ya nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma kusan dukansu a manyan birane suke. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun majinyaci yake fitowa. Manomin da zai kai ɗansa Kaduna sai ya haɗa kuɗin mota na mutum biyu ko uku, da na gado, da na abinci, ya kuma bar gonarsa. Ko ya iya sau ɗaya, da wuya ya iya komawa duk wata.

A cikin masu nisan ma akwai waɗanda suka fi nisa. Binciken 2018 ya nuna ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu sha mace ce, amma a cikin masu karɓar magani mata ba su wuce ɗaya cikin 20 ba. Matar aure da ta saba da maganin tari ko ƙwayar barci tana ɓoyewa ne don tsoron saki, budurwa kuma don tsoron rasa miji. Makiyayin da ke ruga yana shakkar shiga gari inda ake yi wa kowane Bafulatani kallon ɗan bindiga. Ɗan gudun hijira ba shi da gona balle abin sayarwa. Ga kuma tsoron hukuma, domin dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da miyagun ƙwayoyi. Duk da cewa hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, mai sha yana jin sunanta ne a matsayin mai kamu.

Abin da aka riga aka gwada

Haɗa asibiti da ƙauye ba baƙon tunani ba ne a Najeriya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da ɗan'uwansa, su je karɓar magani da rana su koma cikin jama'a da yamma. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin Aro ya yi suna a duniya saboda ya nuna majinyaci ya fi saurin komawa rayuwarsa idan ba a raba shi da mutane ba.

A Jihar Binuwai, tun daga 2011, cocin Methodist da ƙungiyar CBM da gwamnatin jiha suka haɗa hannu suka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa duba masu larurar ƙwaƙwalwa, da amfani da jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka rubuta domin ma'aikacin da ba ƙwararre ba, kuma tana da babi a kan shaye-shaye. A Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya sa ma'aikatan asibiti suna ziyartar majinyatan da ke kwance a wurin masu maganin gargajiya da na addini. Waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Gwajin a kan taɓin hankali aka yi shi, amma darasinsa ya shafi shaye-shaye: wurin da jama'a suke zuwa da ƙafarsu ya fi dacewa a gyara shi a shiga cikinsa da a yi kamar babu shi.

Katsina ma tana da nata tarihin. Bayan turjiyar da allurar shan-inna ta fuskanta a Arewa daga 2003, kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko da aka kafa a 2009, tare da mata masu wayar da kai gida-gida, su ne suka juya akalar al'amarin, har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka a watan Agusta na 2020. A Najeriya, a Katsina aka fara gwajin rabon maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro ga yara lokacin damina a 2013, kuma mutanen unguwa ne suke rabawa. Direbobin ƙungiyar NURTW sun daɗe suna aikin sa-kai na kai mata masu naƙuda asibiti. Duk waɗannan sun nuna akwai hanyar isa kowane gida, abin da ya rage shi ne a ɗora mata wannan sabon kaya.

Rabon aiki

Cibiyar aikin ita ce asibitin mazaɓa. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361, kimanin 30 daga ciki a waɗannan ƙananan hukumomi uku, kuma manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. Tun 1991 manufar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sanya wannan fanni cikin ayyukan matakin farko, sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare haƙƙin majinyaci daga cin zarafi.

Aikin malamin asibitin da aka horar ba mai wuyar fahimta ba ne. Wanda ya zo da ciwon jiki ko rashin barci ko rauni daga faɗuwar babur, za a keɓe da shi a tambaye shi cikin mutunci abin da yake sha don ƙarfin aiki ko don barci, guda nawa, tun yaushe. Idan bai yi nisa ba, hirar minti goma zuwa goma sha biyar da ke nuna masa alaƙar ƙwayar da ciwon da ya kawo shi, tare da sa masa ranar dawowa, takan yi tasiri. Idan ya kamu sosai, sai a tsara masa janyewa, a ba shi maganin gudawa da na ciwon jiki da ruwan gishiri da sukari don ya jure makon farko, wanda shi ne mafi tsanani, a kuma duba ko akwai ciwon damuwa ko firgici a ƙarƙashin shan. Mai jijjiga, da mai ciki, da wanda hankalinsa ya gushe, da mai tunanin kashe kansa, waɗannan babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa za a tura su. Likitan ƙwaƙwalwa daga Katsina ko Zariya zai iya duba aikin ta waya da ziyarar wata-wata, maimakon majinyata ɗari su bi hanya zuwa wurinsa.

Sarakuna su ne masu buɗe ƙofa. Daga hakimi, kamar Sarkin Pauwan Katsina a Ƙanƙara, zuwa dagatai da masu unguwanni da arɗaɗɗan Fulani, su suka san gidan da ke da majinyaci, kuma maganarsu ce take sa uba ya yarda ya kai ɗansa asibiti maimakon gidan mari. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda dama yake sa ido a kan asibitin, shi ne zauren da ya dace a haɗa kowa a ciki.

Malamai suna da minbari da makarantun Islamiyya da na allo. Haramcin kayan maye ba abin da ake jayayya a kansa ba ne, kuma jama'a sun sha jin sa. Abin da ake buƙata daga malami ƙari a kan haka shi ne ya bayyana cewa neman magani umarni ne na addini, suturta mai neman tuba wajibi ne, ɗaure mutum da dukansa kuwa zalunci ne. Malamin da ke karɓar masu shaye-shaye a gidansa za a iya ƙulla yarjejeniya da shi: ya ci gaba da karatu da nasiha, ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa duba su, a cire sarƙa da bulala, ƙofa kuma ta zama a buɗe ga masu sa ido.

Masu kemis su ne likitocin farko na mafi yawan ƙauyuka. Lasisinsu bai ba su izinin sayar da tiramol ko diyazefam ba, kuma Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa tana rufe shagunan da suka karya doka. Rufewa kaɗai ba ta wadatarwa, domin mai talla a kasuwar mako yana nan. Idan aka jawo ƙungiyarsu cikin aikin, aka koya musu gane mai neman ƙwaya da tura shi asibiti, suka kuma ɗauki nauyin hukunta ɗan ƙungiyar da ya saɓa, sai su tashi daga ɓangaren matsala su koma ɓangaren gyara.

Mata sai mata. Ungozomomi da malaman Islamiyyar matan aure da ma'aikatan awon ciki su ne kaɗai suke shiga inda namiji ba ya shiga. Ranar awo da ranar riga-kafin yara dama ce da mace take fita da izinin miji ba tare da an tambaye ta dalili ba, don haka a nan ya fi dacewa a saka tambayar shaye-shaye da ta damuwa, a cikin sirri.

Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa da na manoma suna da amfani biyu: 'ya'yansu ne suka fi sha, kuma su ne masu abin hawan kai wanda ya suma asibiti. Jami'an tsaro, wato NDLEA da 'yan sanda da Hisba da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoban 2023, nasu aikin shi ne bin dillalai, tare da fahimtar cewa mai sha da aka kama asibiti ya fi dacewa da shi. Su ma 'yan rundunar da 'yan sa-kai suna buƙatar a riƙa duba su, domin mai kwana a daji da bindiga yana cikin waɗanda ƙwaya ta fi yi wa tayin kanta. Sai kuma waɗanda suka daina. Babu mai jan hankalin mai sha kamar wanda ya taɓa zama a majalisarsu ya fita, kuma zaman mako-mako na irin waɗannan mutane ba ya cin kuɗi.

Kuɗin aikin

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Bisa dokar, rabinsa na inshorar marasa ƙarfi ne, kashi 45 na magunguna da gyaran asibitoci da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Jihar Katsina tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KATSCHMA, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na musamman domin masu rauni. Matakin da zai fi kawo canji shi ne a sa duba mai shaye-shaye da magungunansa, har da naloksan, cikin jerin ayyukan da waɗannan asusu suke biya. A gefen al'umma, zakkar hatsi da waƙafi da gudummawar 'yan asalin gari mazauna birane za su iya ɗaukar kuɗin mota da na koyon sana'a. Sana'ar ba ado ba ce a cikin maganin: saurayin da ya daina ya koma zaman majalisa ba aiki, ko ya koma jingar da ta fi ƙarfin jikinsa, hanyar komawa a buɗe take gare shi.

Sharuɗɗan nasara

Haɗin gwiwa irin wannan yana da wuraren da yake karyewa. Na farko shi ne sirri. A ƙauyen da kowa ya san kowa, idan sunan majinyaci ɗaya ya fita daga asibiti zuwa majalisa ko ofishin 'yan sintiri, babu wanda zai sake zuwa. Saboda haka rajistar asibiti ta asibiti ce kaɗai, kuma bai dace a ware rana ko ɗaki da za a riƙa kira na 'yan ƙwaya ba. Na biyu shi ne zargi. Ma'aikacin lafiyar da ke shiga ruga zai iya fuskantar tuhumar yi wa 'yan bindiga aiki, don haka yana buƙatar amincewar hakimi da jami'an tsaro a bayyane. Zaman sulhun da al'ummomin yankin suka yi da 'yan bindiga a 2025 ya buɗe wasu hanyoyi da kasuwanni, kuma duk inda aka samu irin wannan lafawa, asibiti da makaranta ne ya kamata su fara komawa. Na uku shi ne gajiyar 'yan sa-kai, domin aikin da ba alawus ba horo yakan mutu da tafiyar ƙungiyar da ta kawo shi. Na huɗu shi ne yawan aikin ma'aikaci: asibitin da mutum biyu suke riƙe da awo da haihuwa da riga-kafi ba zai ɗauki sabon nauyi ba sai an ƙara hannu.

Ana auna ci gaban aikin ne da alƙaluman da kowane asibitin mazaɓa zai iya tarawa ba tare da sunaye ba: mutum nawa aka tambaya, nawa suka fara magani, nawa suke zuwa bayan wata uku da wata shida, nawa ne mata a cikinsu, nawa suka fito daga rugage da ƙauyukan nesa da sansanonin gudun hijira, nawa aka tura babban asibiti kuma nawa suka isa. Yawan ƙwayar da aka kama yana nuna ƙoƙarin jami'an tsaro, waɗannan alƙaluma kuwa su ne suke nuna ko kulawar tana isa ga waɗanda aka saba bari a baya. Kwamitin mazaɓa ya kamata ya riƙa duba su duk wata uku tare da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a tura su ga hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, domin a san inda za a ƙara ma'aikata da magani a kasafin shekara mai zuwa.